Sha-Mai, Ɓarawon Gyaɗa Wanda Ba Ya Fasa Ɓawo

A wajenmu idan an ga ƙaramin abu mai ƙafa shida cikin amfanin gona, sai a ce ƙwaro ne, shi ke nan. Amma ƙwari iri iri ne, ɓarnarsu kuma ba ɗaya ba ce. Wanda bai rarrabe su ba yakan kashe kuɗinsa a kan maganin da ba zai yi masa aiki ba. Yanzu da cirar gyaɗa ta gabato, muna so mu yi magana a kan guda ɗaya wanda muka daɗe muna lura da shi tare da yara a gonar makaranta. Manoma a wurare da dama suna ce da shi sha-mai, sunan kuwa ya dace da shi ƙwarai.

Ga yadda za ku gane shi. Tsawonsa wajen santimita 1 ne, bai kai rabin inci ba, siriri ne kuma. Launinsa ƙasa-ƙasa ne mai duhu, kai da gaban ƙirji sun fi duhu, fikafikansa kuwa suna kwance a baya, ɗaya bisa ɗaya, da ɗigo mai haske wajen ƙarshensu. Yana da dogayen ƙafafu da ƙaho biyu sirara masu gaɓa huɗu. In kun kama ɗaya kun duba ƙafafunsa na gaba, za ku ga cinyoyin sun fi na sauran kauri, da 'yan ƙayoyi a ƙarƙashi. Sa'an nan ku juya shi rigingine. Ba shi da haƙoran tauna ko kaɗan. Abin da yake da shi baki ne kamar allura, a naɗe a ƙarƙashin ƙirji, irin na kuɗin cizo, gama danginsu ɗaya. 'Ya'yansa ba su da fikafikai, suna da ja-ja sa'ad da suke ƙanana.

Halinsa ma yana tona shi. Ba ya son rana. Ku ɗaga tarin gyaɗar da aka cire aka bari a ƙasa kwana biyu ko uku, za ku ga sun watse da gudu kamar kyankyasai, suna neman tsaguwar ƙasa. Yaranmu sukan yi gasar kama su, da wuya a sami mai kama biyar.

Da wannan allura yake huda ɓawo ya kai ga ƙwaya ya tsotse mai. Hudar ƙarama ce, ido ba ya ganinta, saboda haka maigida yakan ɗauki buhunsa gida yana murna. Sai ranar da uwargida ta ɓare, ta tarar ƙwayar ta yamutse, ta yi laushi, wata ma da ɗaci. In ta soya ta kai inji ta murza tunkuza, man da zai fito bai kai na bara ba, ƙuli-ƙulin kuma yana warin tsohon mai. Wanda ya ajiye irin shuka daga ciki, da damina zai ga gonarsa ta tsiro gurbi-gurbi. Sau da yawa akan ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa ko a kan mai sayar da iri, alhali kuwa ɓarnar ta faru ne cikin 'yan kwanakin shanya.

Kada a haɗa shi da ƙwaron da ke cin gyaɗa a rumbu, wanda tsutsarsa ke shiga ciki ta bar rami a ɓawo da gari a gindin buhu. Wannan dabam ne, shi ne kuma ke cin 'ya'yan tsamiya. A gonar auduga akwai wasu biyu masu bakin allura. Ɗaya ja ne da ɗigon baƙi, ya fi sha-mai girma, yana ɓata farin auduga, ana kuma ganinsa cincirindo a gindin kuka da rimi. Ɗayan ɗan mitsitsi ne, wajen milimita 4, baƙi da fikafikai garau kamar gilashi, yana cika kwallon auduga da ya buɗe da busasshiyar kuɓewa da rama. Wurin da kuka tsinci ƙwaro rabin shaida ne. In a ƙarƙashin harawar gyaɗa ne ko dammunan riɗi da aka jingine, to, sha-mai ne ya fi yiwuwa.

Ba namu ba ne mu kaɗai. Yana ko'ina a ƙasashen Afirka masu zafi, yana Indiya inda ake noman gyaɗa da riɗi da yawa, har gabashin Asiya. Cikin littattafan masana an daɗe ana rubuta shi Elasmolomus sordidus, sababbi kuwa suna cewa Elasmolomus pallens. A ganinmu sunan da manomanmu suka ba shi ya fi waɗannan faɗin gaskiya.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Macen tana zuba ƙwai cikin ƙasa da jikin harawa, don haka duk daɗewar tari a ƙasa ƙarin yawansu ne. Idan kun cire gyaɗa, ku kife ta 'ya'yan suna kallon rana, kada ku tara ta lulluɓe. Da ta sha iska ku tsinke, ko da za a kira yara da maƙwabta gayya, ku shanya a kan tabarma ko daɓe nesa da harawar. Riɗi kuma a kakkaɓe shi da zarar ya bushe. Ba mu goyon bayan a yi ta barbaɗa guba a kan abin da iyali za su ci, da harawar da awaki za su ci da rani. Wanda ɓarnar ta fi ƙarfinsa, ya kama ƙwaron guda biyu ko uku ya sa a kwalba, ya kai wa malamin gona ya gani da idonsa kafin ya sayi kome.