Hasken da ke Tona Asirin Ciwon Daji

Goggona ta shafe damina biyu a Balan, cikin ƙasar Gaya, tana ɓoye wani ƙulli a mamanta. An sha jiƙe-jiƙe, an yi turare, wasu suka ce sammu ne. Ranar da muka bi ta Wudil muka kai ta asibiti a Kano, likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya kama ƙashin baya. Allah Ya jiƙanta.

Na daɗe ina tambayar kaina: ta wace hanya ciwon ya bar mama ya isa ƙashi? Ashe jini ne babbar hanyarsa. Ƙwayoyi ƙalilan kan ɓalle daga ƙullin, su bi jijiya su yada zango a wani wuri. Tun 1869 wani likita a Ostireliya, Thomas Ashworth, ya hango irinsu a jinin wani mamaci. Wahalar ita ce ƙarancinsu, domin 'yan tsiraru ne a tsakanin biliyoyin ƙwayoyin jini.

Yanzu an samu dabara. Akan ɗebi jini mililita 7.5, wato cokalin shayi ɗaya da rabi, a zaƙulo ƙwayoyin da ake zargi da maganaɗisu, sannan a zuba musu rini mai ƙyalli. Idan aka haska su ƙarƙashin madubin likita, ƙwayar daji sai ta yi walƙiya da launin da ya bambanta ta da fararen ƙwayoyin jini, a ƙirga ta. A 2004 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na'urar CellSearch don bibiyar dajin mama da ya bazu. Ƙwaya 5 ko fiye alama ce ta tsanani.

Wannan haske ba baƙo ba ne a wurinmu, da irinsa ake gano ƙwayar tarin fuka a majinar ƙirji a wasu ɗakunan gwajinmu. Ya kamata jami'o'inmu su ɗora bincike a kan wannan tushe.

Sai dai, mai karatu, gwajin na bibiyar ciwon da aka riga aka gano ne. Ƙullin Goggo kuwa da yatsa ake jin sa, tun yana kamar ƙwayar gyaɗa. Kunya ta hana ta faɗa, mu kuma 'yan bokon gidan ba mu taɓa tambaya ba. Duk wanda zai je gida ƙarshen makon nan, ya sa 'yar'uwa ko matarsa ta keɓe da iyayenmu mata ta tambaye su.