Bengaluru, Garin da Ya Tura Ɗan Aike Duniyar Wata

Mutumin Jalingo da ya sauka a Bengaluru, a kudancin Indiya, zai fara cin karo da cunkoson keke-napep da babura, sannan daga baya ya gane cewa a cikin wannan hayaniya ake sarrafa kumbon da ke sararin samaniya. A nan hedkwatar ISRO take, hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, kuma daga cibiyarta da ke unguwar Peenya aka sa ido kan saukar kumbon Chandrayaan-3 a kan wata ranar 23 ga Agusta, 2023. Duk wanda na taɓo wa zancen, daga ɗalibi har mai shayi, sai na ga fuskarsa ta washe.

Sun cancanci yin alfahari. Kafin su, Tarayyar Sobiyet da Amurka da Sin kaɗai suka taɓa sauke na'ura lafiya a kan wata, kuma a lokacin babu wanda ya taɓa kusantar ƙuryar kudun watan kamarsu. Can ne masana ke kyautata zaton akwai ƙanƙara a ramukan da rana ba ta leƙawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kowace na'ura da tambayar da aka aike ta ta amso. Vikram, kumbon da ya sauka, ya soka wani tsinke mai auna zafi a cikin ƙasa: a sama zafi ya kai kusan digiri 50, amma a zurfin santimita 8 kacal ya faɗi ƙasa da sifili. Wata na'urar tana sauraren girgizar ƙasa. Ita kuwa Pragyan, 'yar mota mai ƙafa shida da nauyin kilo 26, ta yi tafiyar hawainiya ta kimanin mita 100, tana harba hasken leza a kan ƙasa don gano sinadaranta. Ta haka ta tabbatar da akwai farar wuta a yankin. Mako biyu aka ɗibar wa aikin, tsawon yinin wata guda ɗaya, domin da hasken rana na'urorin ke aiki.

Ba a banza aka kai nan ba. A 2019 kumbonsu na farko da ya yi yunƙurin sauka ya tarwatse, suka bi diddigin matsalar suka gyara. Ƙasar da suka gwada motar a kanta ma a gida suka haɗa ta, daga duwatsun gundumar Namakkal da ke jihar Tamil Nadu, waɗanda suka yi kama da na wata.

Wannan ne darasin da ya shafe mu. A 2008, shekarar da Indiya ta harba Chandrayaan-1, aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo. Muna da duwatsu da ma'adinai daga Mambila har Karim Lamido. Ɗalibanmu na bukatar ɗakunan gwaji da kuɗin bincike domin su fara sanin abin da ke cikinsu.