Mu San Garinmu Kafin Ruwa Ya Koya Mana



Mu da muka tashi tsakanin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, an koya mana abubuwa da dama a aji. Mun haddace sunayen manyan kogunan Afirka, mun san babban birnin Faransa, mun iya zana taswirar Najeriya har mu nuna inda Neja da Binuwai suka haɗu a Lakwaja. Amma babu jarrabawar da ta taɓa tambayarmu ina ruwan da ke zubowa daga indararon gidanmu yake zuwa, ko wa ya yanke faɗin lungunmu, ko me ya sa kasuwa take inda take. Yaro yakan tashi yana kallon gari kamar dutse ko gulbi, abin da aka tarar kawai. Alhali kowane lungu da kowace kwana, wani ne ya zauna ya yanke shawara a kansu, ko kuma ya ƙi zama ya yanke.

Wannan magana ta zama dole a yanzu. Shekarun nan na rashin tsaro sun kwaso jama'ar ƙauyuka sun zuba cikin garuruwan nan uku. Duk mazaunin nan ya gani da idonsa: gonakin bakin gari sun koma fulotai, dillalai na yawo da igiyar awo, masu buga bulo ba su da hutu. Mutumin da ya baro gidansa cikin dare ba zai tsaya tambayar ta ina lambatu zai bi ba, wurin da zai sa iyalinsa yake nema, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai dai unguwar da aka kafa bana ba a bar titi ba, ba a bar filin makaranta ba, ba a bar wa ruwa hanya ba, mu ne za mu zauna cikinta shekara hamsin masu zuwa. Riga in an ɗinka ba daidai ba, tela ya warware. Unguwa kuwa ba ta warwaruwa sai da rusau da hawaye.

A wasu garuruwan duniya akwai ƙungiyoyi, ba na gwamnati ba, ba kuma na neman riba ba, waɗanda ba su da wani aiki illa buɗe idon jama'a a kan gini da tsarin gari. Ba su ke ba da izinin gini ba, ba su ke shimfiɗa kwalta ba. Suna sa mutum ne ya dubi inda yake zaune da idon basira, har ya iya tambayar masu iko. Da muka bibiyi labarinsu, sai muka ga dabarunsu ba su da tsada.

Dabara ta farko ita ce buɗe ƙofa. A shekarar 1992 wata mata mai suna Victoria Thornton ta faro shirin Open House a Landan. Ana ware 'yan kwanaki a shekara, a buɗe gine-ginen da a kullum ba a barin kowa ya shiga, jama'a su shiga kyauta, a yi musu bayanin yadda aka zana su da dalilin zana su haka. Shirin ya bazu zuwa birane da yawa, har ya iso Legas a 2016.

Ta biyu ita ce tattaki. A birnin Toronto na ƙasar Kanada aka fara Jane's Walk a 2007, don tunawa da marubuciya Jane Jacobs, wadda ta shafe rayuwarta tana cewa mazauna unguwa sun fi kowa sanin unguwarsu. A farkon watan Mayu na kowace shekara, duk mai abin faɗa a kan unguwarsu yakan ja mutane su zaga da ƙafa, ana tafe ana hira. Ba a neman takardar digiri kafin mutum ya yi jagora.

Ta uku ita ce taswira. Kibera unguwar talakawa ce mai cunkoso a Nairobi ta ƙasar Kenya, amma an daɗe in an duba taswira sai a ga wurin fayau kamar ba kowa. A 2009 shirin Map Kibera ya koya wa matasan unguwar 13 aiki da na'urar GPS. Suka bi lungu-lungu suka sa famfuna da makewayi da makarantu da ɗakunan shan magani a taswirar OpenStreetMap, wadda kowa ke iya buɗewa a intanet. Daga nan ba wanda zai sake cewa bai san akwai mutane a wurin ba.

Ta huɗu ita ce ceto tsohon gini a mayar da shi makaranta. A Legas akwai ƙungiyar Legacy 1995. Ita ta gyara gidan Jaekel da ke harabar hukumar jiragen ƙasa a Ebute Metta, ginin da aka yi tun 1898, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi da ɗalibai ke ziyarta.

Kada wani ya ce wannan duk harkar Turawa ce da mutanen Kudu. Mu leƙa Dandaji, wani garin Hausawa a yankin Tawa na Jamhuriyar Nijar. Da tsohon masallacinsu na ƙasa ya lalace aka yi niyyar sabo, sai masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka zauna da mutanen gari. Aka gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon a gefensa da bulon jar ƙasa, maginan yankin na cikin aikin. An kammala a 2018. A wannan yanki ne kuma masallacin Yama yake, wanda magini Alhaji Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya kuma ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Ƙasar da wasunmu ke jin kunyar gini da ita, ita ce duniya ta tafa wa.

To mu me muke da shi na nunawa? Da yawa. Zurmi tsohon gari ne na Alibawa a bakin gulbin Bunsuru. Daga can Muhammadu Namoda ya fito, jarumin da ya yi fice a yaƙin da aka ci Alƙalawa a 1808, shi ne kuma ya kafa Ƙaura kusa da gulbin Gagare. A 1929 layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura ya tsaya, aka riƙa lodin gyaɗa da auduga, baƙi suka zo suka zauna, gari ya miƙe wajen tasha. A 1983 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ita ma ta ja gari zuwa nata ɓangaren. Shinkafi kuwa kasuwar Alhamis ce ta raine ta, wadda fatake ke ci daga nesa har da ƙetaren iyaka. Gulbi, tasha, makaranta, kasuwa: kowannensu ya ja gari ta wata fuska, kuma ana iya karanta wannan da ƙafa cikin yini ɗaya.

A hutun damina da ya wuce, mu takwas 'yan unguwa ɗaya, maza biyar mata uku, muka ce bari mu gwada. Ba mu da GPS, ba mu da ƙungiya, ba mu da ko sisi. Littafin rubutu muke da shi, da fensir, da kwalin da muka roƙa wurin mai shago. Muka fara zuwa gaida mai unguwa, muka faɗa masa nufinmu. Ya yi dariya ya ce, "To 'ya'yana, ku je, amma kada ku leƙa gidan kowa ba sallama." Ya haɗa mu da wani dattijo, tsohon magini, wanda hannunsa ya taɓa rabin sorayen unguwar.

Washegarin wani ruwa mai ƙarfi muka fita, tun ƙasa ba ta bushe ba. Aikin ɗaya ne: mu bi sawun ruwa daga tudu har inda ya kwanta. Mazan suka bi lunguna suna ƙirga taku, suna duba tabon da ruwa ya bari a jikin katangu. 'Yan matan suka shiga cikin gidaje, inda mu ba ma shiga, suka tambayi iyaye mata ta ina ruwa ke shigowa, wane ɗaki ne ke jiƙewa, ina suke kai yara in ya yi yawa. Labarin da suka fito da shi ya fi namu yawa, don wanda ke kwashe ruwa da kwano cikin dare shi ya san hanyarsa.

Da muka iso wani fili da aka kakkafa wa turaku, muka ce, "Baba, nan kuma fa?" Ya dogara sandarsa ya ce, "Samari, wanga wuri kududdufi ne. Nan muka ɗebi ƙasar da muka yi tubalin gidajenku." Ya bayyana mana cewa mutanen da ba su haƙa rami a banza ba. Inda aka ɗebi ƙasar gini, nan ne ruwan unguwa ke taruwa da damina, don haka ake karkata lunguna su gangara can. Ramin da ya ba da gida, shi ke tsare gidan. Yanzu an cike shi da shara, an zuba ƙasa a sama, an yanka fulotai. "Ruwa ba ya karanta takardar fili," in ji shi. "Inda ya saba kwana nan zai zo."

Ya kuma shigar da mu wani tsohon zaure da rana tsaka, ya ce mu taɓa bango. Sanyi ƙalau. Ya nuna mana kaurin ginin, da yadda aka jera azara, da ɗaurin gugan da ya ɗauke rufin ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ya ce katangar ƙasa mai kauri takan shanye zafin rana a hankali, sai dare ta sake shi, shi ya sa zaure ke da sanyi lokacin da ɗakin kwano ke gasa mutum. Bai ce a daina gini da siminti ba. Cewa ya yi duk mai gini ya san abin da ya samu da abin da ya bari.

Muka zana duk abin da muka gani a kwali, muka ja hanyar ruwa da shuɗin biro, muka kai wa mai unguwa. Ya sa aka jingina shi a zaurensa. Bayan kwanaki, wani bawan Allah da ya yi gudun hijira da iyalinsa ya zo neman shaidar mai unguwa a kan filin da zai saya. Kuɗin 'yan dabbobin da suka rage masa ne a aljihunsa. Mai unguwa ya nuna masa kwalin, ya ɗora yatsa daidai inda filin yake, tsakiyar shuɗin layi. Mutumin ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar da kuɗinsa aljihu. Daga baya ya sayi wani, ƙarami a kan wancan, amma a kan tudu. Dillalin bai ji daɗi ba, har ya kai ƙararmu wurin iyayenmu cewa yara na ɓata masa ciniki. Fulotai biyu na wurin kuwa an riga an sayar, gini ya kai linta. Duk sanda hadari ya haɗu, su muke tunawa.

Mun san za a ce, ana ta kai wa ke ta kaya? Mutane na neman tsira da rai, ku kuna zancen lungu da lambatu. Amsarmu ita ce, wanda ya tsira daga daji bai kamata katanga ta faɗo masa a cikin gari ba. Lungun da mota ba ta shiga, ranar naƙuda ko gobara ake gane tsadarsa. Kuma halin da muke ciki ya sa dole mu yi namu da hankali: a tsaya cikin gari, a fita da rana, a nemi izinin iyaye da na mai unguwa, kada a ɗauki hoton gidan kowa sai ya yarda, kada kuma a watsa taswirar unguwa a Facebook ko WhatsApp inda za ta faɗa hannun mugu. Amfaninta a zauren mai unguwa yake, da ofishin masu tsara gari.

Ba sai mun jira wata ƙungiya ta taso daga Legas ko Abuja ba. Aikin gayya gadonmu ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace makarantar sakandare a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi na iya kafa ƙaramin kulob na sanin gari, ƙarƙashin malamin labarin ƙasa. A zango ɗaya a zana hanyar ruwa ta unguwa guda. A wani zangon a gayyaci tsohon magini ya yi darasi a cikin zaure, ba a aji ba. 'Yan Ƙaura su nemi izini su zaga tashar jirgi da wani dattijon da ya ga zamanin gyaɗa. 'Yan Shinkafi su zana kasuwa, su nuna inda motoci da dabbobi da masu ƙafa ke cakuɗewa ranar Alhamis. 'Yan Zurmi su tambayi dattawa iyakar tsohon gari da inda gulbi ke kaiwa in ya cika. Yayyenmu da ke karatu a kwalejin Ƙaura su taimaka da awo da zane.

Ranar 8 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar tsara birane ta duniya. Zai yi kyau a ce a wannan rana ɗalibai sun baje zanensu a harabar makaranta, an gayyaci masu unguwanni da kansiloli da jami'an filaye na ƙaramar hukuma, an yi musu tambaya cikin ladabi: ina filin makarantar sabuwar unguwa? Ina aka bar wa ruwa? Mu dai mun riga mun nemi wani kwalin, don unguwar da ke maƙwabtaka da mu ta ce a zo a yi mata nata.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.