Gonar Baba da Injin Eko

Ƙanena ya samu bak bana, ya ce shi injiniyan na'urorin asibiti zai zama: mai girka injin radiyo da eko da na wankin ƙoda, mai tashe su in sun tsaya. Baba ya taƙaita, ya ce makanikin likita. Ni da nake karatun ilimin harshe ban samo sunan da ya fi wannan ba.

In babu bursi, shekara 5 ne a waje, Maroko ko Tunisiya. Makarantar da ke lissafi da yuro kuwa, kowane dubu ɗaya jika 656 ne namu. Abin da muke da shi da zai ɗauki wannan nauyi guda ne: gonar bakin Gulbin Maraɗi, wadda ke ci da mu.

Buƙata akwai ta, wallahi. Ƙura da zafi da ɗaukewar wuta ba sa barin inji lafiya. Amma buƙata daban, albashi daban. Sau da yawa kamfanin da ya sayar da injin shi ke riƙe da kwangilar gyara, ya turo nasa mutum. Aikin gwamnati kuma sai an jira, wata ƙila bayan sarbis sibik. Shekara nawa albashin farko zai yi kafin ya maido gona?

Ra'ayina, ya fara lisansin lantarki na shekara 3 nan gida, ya riƙa bin masu gyara a asibiti, ya nemi bursin masta daga baya. Ya ce na raina shi. Kwana biyu ke nan ba ya gaishe ni.