Ranar da Shafin Makarantarmu Ya Ɓata Hanya

Ina so in ba ku labarin wani abu da ya faru a makarantar nan cikin hutun damina na shekarar 2024. Wasunku sun ji ƙishin-ƙishin, amma kaɗan ne suka san yadda aka yi, kuma ban taɓa faɗi a fili ba cewa da hannuna a cikin laifin. Yau zan faɗa, domin na baya su yi hattara.

Kowa ya tuna ambaliyar 2022, lokacin da Kogin Haɗejiya ya cika ya batse, mutanen gari suka kwana suna jera buhunan ƙasa a bakin jinga, hanyoyin ƙauyuka da yawa kuwa suka yanke. Tun daga wannan shekara hukumar makaranta ta ga ba daidai ba ne uba ya taso daga wajen Guri ko Auyo ko Kiri Kasamma, ya shiga kwalekwale, don kawai ya karɓi takardar sakamakon ɗansa. Saboda haka aka buɗe wa makaranta shafi a intanet, inda kowane uba zai sa lambar ɗansa a waya ya ga abin da ya samu.

To, shafin intanet ba a iska yake zaune ba. Yana cikin wata babbar kwamfuta ce wadda ba ta barci dare da rana, ana ce mata saba, kuma haya ake biya kamar yadda ake biyan kuɗin rumfa a kasuwa. Da kuɗin hayar tsohuwar sabarmu ya yi tsada, sai aka yanke shawara a yi ƙaura zuwa wata mai sauƙi. Malaminmu na kwamfuta aka ɗora wa aikin, ni kuwa da yake ni ne magatakardan ƙungiyar kwamfuta, kuma gidanmu a cikin gari yake, sai ya kira ni in taya shi.

Ranar Laraba da la'asar muka gama kwashe kaya. Muka sa sakamakon zango na uku a sabuwar sabar, Malam ya shiga wurin da aka yi wa sunan shafin rajista ya canza adireshi. Sa'an nan ya ce mini, "Ga wannan gurbi, rubuta sunan shafinmu a ciki, ni zan je in yi alwala." Na rubuta, na danna, na rufe. Da ya dawo ya buɗe shafin a kwamfutarsa, sai ga tambarin makaranta da sabon sakamako. Muka yi hamdala muka watse, aka aika wa iyaye saƙo cewa sakamako ya fito.

Kashegari da hantsi wayar Malam ta fara ruri. Wannan uba ya ce shi sakamakon zangon da ya wuce yake gani. Wancan ya ce shi ko makarantar ma bai gani ba, wani kantin sayar da kayan gyaran mota ne ya fito masa, da hotunan tayoyi da batura. Wani dattijo har ya tambaya ko makarantar ta koma kasuwanci ne. Malam ya sake buɗewa a kwamfutarsa, ya ga kome daidai. Ya ce watakila ba su iya rubuta adireshin ba ne.

Abin bai dame ni sosai ba sai da azahar, da abokina na ƙut da ƙut ya kira ni yana magana ƙasa-ƙasa. Shi ɗan wani ƙauye ne a kan hanyar Guri. A zango na biyu ya yi jinya, ya zo na 38 a aji. Mahaifinsa ya ce masa in bai gyara ba a zango na uku, to, boko ya ƙare, sai ya dawo su kama su da noman shinkafa. Yaron nan ya dage, na san ya dage, domin tare muke kwana a kan littafi, kuma da idona na ga ya zo na 9. Amma da mahaifinsa ya sa aka buɗe masa a waya, sai ga 38 ɗin nan tana nan daram. Tsohon bai ce kome ba, sai dai ya ɗauko koma ya ajiye masa a ƙofar ɗaki. Abokina ya rantse masa, shi kuwa ya ce gani ya kori ji.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Bayan sallar isha'i na zauna a zaure wurin Kawuna, wanda ya tsufa a kan sana'ar su, na ba shi labari. Bai san kwamfuta ba, amma ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya tsami banza. Mu da muke yara mun san inda kogin nan yake bi. Da aka yi madatsar Tiga, daga baya aka ƙara ta Challawa, sai ruwa ya daina ƙafewa da rani, kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi. Yanzu wani gonarsa ta nutse, wani kuwa tasa ta bushe, alhali kogi ɗaya ne. In ruwa bai zo maka ba, ba gonarka za ka tsaya kana duba ba. Bi magudana za ka yi, taki-taki, har ka iske inda ya karkata."

Gaskiya Kawu ya faɗa. A darasin labarin ƙasa an koya mana an gama Tiga a 1974, Challawa kuwa a 1992, kuma saboda toshewar kacalla ruwa mai yawa ya koma bin mashigar Marma zuwa wajen Nguru. Sai na ga ai mu ma gonarmu kawai muke ta dubawa, watau kwamfutar Malam. Ba mu bi hanyar da saƙon iyaye yake bi ba.

Da gari ya waye, ranar Juma'a, na ɗauki littafin rubutu na ja layi huɗu: wayar wane ne, wane layi yake amfani da shi, me ya rubuta, me ya fito masa. Na bi maƙwabta da masu shaguna a unguwarmu har na gwada waya 12. Kafin ƙarfe goma na je wa Malam da abin da na samu. Waya 7 sun nuna kantin kayan mota, 2 sun nuna tsohon sakamako, 3 sun nuna sabo. Malam ya duba ya ce, "Madalla. Yanzu muna da abin kamawa."

Nan ya zaunar da ni ya bayyana mini yadda hanyar take. Ya ce kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kowace saba tana da lambarta, galibi kashi huɗu ce da ɗigo a tsakani, kowane kashi daga 0 zuwa 255. Da yake mutum ba zai iya haddace irin waɗannan lambobi ba, sai wani Ba'amurke mai suna Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin DNS a 1983, wanda yake kamar littafin adireshi: ka ba shi suna, ya ba ka lamba. Sunayen da suka ƙare da .ng kuwa, ƙungiyar NiRA ce take kula da rajistarsu a Nijeriya. Amma kamfanonin waya ba kullum suke komawa ga littafin asali ba. In sun tambaya sau ɗaya sai su riƙe amsar zuwa wani wa'adi da mai shafin ya ƙayyade. Muka duba namu wa'adin, sai muka ga daƙiƙa 86400, watau awa 24 cif. Ashe duk wanda kamfaninsa ya riga ya riƙe tsohuwar lamba, tsohuwar sabar za a kai shi, ita kuwa ba abin da ta sani sai zango na biyu. Wannan shi ne abin da ya sami mahaifin abokina ranar Alhamis. Wayoyi biyun da suka ci gaba da nuna tsohon shafi har Juma'a kuwa, su da kansu suka ajiye kwafinsa a cikinsu. Da muka share ajiyar, tsohon sakamako ya ɓace.

Saura kantin kayan mota. Malam ya yi amfani da wani umarni da ake kira nslookup ya tambayi lambar shafinmu, aka ba shi sabuwar lamba daidai. Ke nan saƙo yana isa sabuwar sabar, a can ciki ne yake karkata. Na sake duban littafina, sai gabana ya faɗi. Duk wayoyi bakwai ɗin nan da www suka fara rubuta adireshin, kamar yadda aka buga a takardun makaranta. Ukun da suka ga daidai kuwa ba su sa www ba, haka shi ma Malam ba ya sawa.

Malam ya ce saba ɗaya takan ɗauki shafuka ɗaruruwa a kan lamba ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofa ɗaya da ɗakuna da yawa. Baƙo in ya zo sai ya faɗi sunan wanda yake nema, mai gadi ya duba takardarsa ya nuna masa ɗaki. In sunan ba ya cikin takarda, wannan mai gadi ba ya korar baƙo, sai ya tura shi ɗakin farko. Ɗakin farko a sabarmu na mai kayan mota ne. A wurin kwamfuta kuwa, suna da www da suna babu www, sunaye biyu ne dabam. Gurbin da Malam ya bar mini ranar Laraba yana da layi biyu. Na cika na sama, na ga na ƙasa, ban san amfaninsa ba, na ji kunyar tambaya, na bar shi fayau.

Na daɗe ina kallon allon kafin bakina ya buɗe. Da na yi shiru, watakila Malam zai ɗauka shi ya manta. Amma na tuna komar nan da ke ajiye a ƙofar ɗakin abokina, na ce, "Malam, ni ne. Na ga layin, ban tambaya ba." Ya dube ni ya ce, "Ni ma da laifina, da na gwada ta hanya ɗaya na ce an gama. Matso ka cika shi da hannunka." Na rubuta, ya sake tayar da sabar. Aikin bai kai minti biyu ba, wanda ya hana iyaye sukuni kwana biyu.

Bayan an sauko daga masallaci, Malam ya kira mahaifin abokina da kansa. Ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a gafarce mu, kuskuren daga wurinmu yake. A sake buɗewa yanzu." Muka ji shiru na ɗan lokaci, can sai muka ji tsohon ya ce, "Na tara? Kai, Alhamdu lillahi. Malam, Allah ya yi albarka." Abokina ya gaya mini daga baya cewa da yamma mahaifinsa ya ɗauke komar ya mayar rumbu, bai ce masa uffan ba, amma da za a koma makaranta ya ɗinka masa sabon yunifom.

Ga abin da muka rubuta a littafin ƙungiya domin waɗanda za su gaje mu. Kafin a yi ƙaura da kwana biyu, a rage wa'adin riƙe lamba zuwa daƙiƙa 300. A bar sanarwa a tsohuwar sabar cewa an tashi, kada a bar tsohon sakamako a kai. A gwada sunan da www da kuma babu, a wayoyi dabam-dabam da layuka dabam-dabam, kafin a aika wa iyaye saƙo. A rubuta zango da shekara da manyan baƙaƙe a saman kowane sakamako. Iyayenmu kuma muna roƙonku, in kun ga abin da bai yi kama da ɗanku ba, ku tuntuɓi makaranta kafin ku yanke hukunci.

Ni dai abin da ya fi zauna mini shi ne layin nan da na bari saboda kunyar tambaya. Yanzu a aji in ban gane ba, hannuna ne farkon tashi, ko da za a yi mini dariya.