Jiki Magayi: Wa Zai Auna Daɗin Iskar Durban?

Mu da muka tashi a ƙasar Hausa mun saba auna yanayi da abu guda, wato zafin rana. Idan watan Afrilu ya kama a Kano ko Sakkwato, ma'aunin zafi ya doshi digiri 40, sai mu ce duniya ta yi zafi. Idan hunturu ya busa, mu ce an samu sauƙi. Sai da karatu ya kawo mu kudu muka tarar da wani irin zafi wanda ma'auni ba ya faɗar gaskiyarsa: a ce maka digiri 31 ne kawai, amma riga ta manne a baya, wanki ya wuni a igiya bai bushe ba, takalmin fata kuwa ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Wannan ne ya sa duk sa'ad da muka ji ana yabon wani birni na bakin teku da daɗin iska, mukan tsaya mu tambaya: da wane mudu aka auna, kuma wa ya riƙe mudun?

Bari mu ɗauki birnin Durban, wanda Zulu ke kira eThekwini, a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Yana gaɓar Tekun Indiya, kimanin digiri 30 kudu da layin da ya raba duniya biyu. A rabe-raben yanayi da masanin nan Wladimir Köppen ya fara fitarwa a 1884, Durban na cikin rukunin da ke gefen yankin zafi, mai yawan laima, ba irin na Legas ba da ke tsakiyar yankin zafin. Rukuni ɗaya yake da Shanghai da Brisbane da New Orleans: garuruwa masu lokacin zafi mai gumi, da lokacin sanyi marar tsanani, ruwan sama kuma ba ya ɗaukewa ƙaf kamar yadda yake yi mana da rani. Ruwan ɗumi na Agulhas da ke gangarowa ta gaɓar gabashin ƙasar shi ke ɗumama tekun, yana cika iska da tururi.

A takarda, alƙaluman Durban abin sha'awa ne. A Janairu da Fabrairu, lokacin da ya fi zafi, rana kan tsaya wajen digiri 28, dare kuma wajen 21. A Yuni da Yuli rana kan kai kamar 23, dare ya sauka wajen 11. Ruwan sama na shekara kimanin milimita 1,000 ne. Bakano da ya ga wannan lissafi zai ce ai aljannar duniya ce. Masu sha'awar ƙwallon ƙafa ma sun ga fuskokin birnin biyu: a filin wasa na Moses Mabhida ne Nijeriya ta yi canjaras 2-2 da Koriya ta Kudu a watan Yunin 2010, cikin lokacin sanyi, a nan ne kuma ta lallasa Mali da ci 4-1 a watan Fabrairun 2013, a tsakiyar lokacin gumi.

To, amma digiri 28 na bakin teku ba ɗaya yake da 28 na sahel ba, dalili kuwa yana nan a randar kakanninmu. Ruwan randa yana yin sanyi ne domin yana tsatsowa ta jikin yumɓu, busasshiyar iska ta ɗauke shi, ta tafi da zafin tare. Haka Allah Ya tsara jikin ɗan Adam: gumi ba ya sanyaya mutum sai ya bushe. Idan iska ta riga ta ƙoshi da tururi, sai gumin ya kwarara a banza, jiki ya zama randar da aka shafe da kwalta. Wannan ne ya sa masana, bisa aikin Robert Steadman na 1979, suka haɗa zafi da laima a ma'auni guda. A wannan lissafi, digiri 32 da laima kashi 70 cikin ɗari jiki kan ji shi kamar 40 ko fiye, alhali digiri 40 a busasshiyar iska yakan ji shi ƙasa da haka. Sa'an nan ga dare: inda iska ta bushe, ƙasa kan huce bayan faɗuwar rana, amma laima bargo ce, tana riƙe zafi har asuba.

Akwai kuma masu ba garuruwa maki. A 1985 wani masani mai suna Mieczkowski ya fito da ma'aunin yanayi don masu yawon buɗe ido, inda ya ba jin daɗin zafi da laima rabin makin, ruwan sama kashi 20, hasken rana kashi 20, iska kashi 10. Ma'auni ne mai kyau, sai dai sunansa ya tona asirinsa: an yi shi ne domin baƙon da zai kwana bakwai a otal mai na'urar sanyaya ɗaki, ya yi wanka a teku, ya koma gida. Bai tambayi mai dako a tashar jiragen ruwa ba, bai kuma tambayi matar da ke girki a ɗakin kwano ba.

Tarihin Durban kansa ya nuna cewa iska ma rabonta ake yi. Tun daga 1860 aka riƙa kawo 'yan ƙwadago daga Indiya don noman rake, domin wannan ɗumi da laima su ne abin da rake yake so. Abin da ya zama arziki ga mai gona shi ne azaba ga mai yanka. Turawa masu hali suka hau tudun Berea, inda iskar teku ke kaɗawa. Bayan dokar raba unguwanni ta 1950, gwamnatin wariyar launin fata ta kwashe baƙaƙen fata da Indiyawa zuwa unguwanni irin su KwaMashu da Chatsworth, nesa da tsakiyar gari. Wariyar ta kau a 1994, amma tudu da kwari suna nan inda suke. A watan Afrilun 2022, ruwan sama fiye da milimita 300 ya sauka a wasu sassan yankin cikin kwana guda, ƙasa ta zaftare, koguna suka yi ambaliya, mutum fiye da 400 suka rasa rayukansu, barnar kuma ta fi tsanani ga mazauna bakin rafuka da gangaren tuddai. Tekun nan mai ɗumi da ake tallata birnin da shi, shi ne dai ya shayar da wancan hadari.

Saboda haka, idan aka matsa mana sai mun ba Durban maki, za mu ce daga Mayu zuwa Agusta da wuya a samu iskar da ta fi tata daɗi: rana mai laushi, dare mai sanyi, ba ƙura, ba tsagewar leɓe. Daga Disamba zuwa Maris kuwa makin ya danganta da inda mutum ya kwana da abin da yake yi da rana. Ga ɗalibanmu masu niyyar neman ilimi a irin waɗannan birane, shawararmu ita ce kada su tsaya ga zafin rana kaɗai. Su duba laima, su duba zafin dare, su tambayi ko unguwar tana kan tudu ko a kwari. Fiye da duka, su tambayi wanda ya shekara a wurin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.