Ina Tuwon Jiya Ya Tafi?

Ɗan'uwa, tuwon da kake ci a nan Manchester shi ne dai na gida, amma jikin da ke karɓarsa ya rage aiki. Zo mu bi loma ɗaya mu ga inda take zuwa.

Shinkafa da semo sitaci ne, wato sukarin gulukos da aka ƙulla kamar carbi. Yawu da hanji su tsinka shi, jini ya raba wa ƙwayoyin jiki. A can ciki mitokondiriya ke ƙona shi da iskar da ka shaƙa, a samu ATP, kuɗin cefanen ƙwayar halitta. Da shi tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke tunani.

To, ragowar fa? Hanta kan adana kamar giram 100 a matsayin gilaikojin, tsoka kamar 400. Ƙaramin rumbu ke nan. In ya cika, saura ya koma kitse, shi kuwa kitse ba ya cewa ya ƙoshi. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na mai 9.

A gida ƙafa ce motarmu, kullum ana ɗiban rumbun. A nan kuwa daga bas sai kujera, sanyi ya kulle mu a ɗaki. Teɓa ta taru, insulin ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa, ƙwayoyin jiki su ƙi buɗewa, sukari ya tsaya a jini. Cikin mu biyar da ke haɗuwa cin tuwo ran Lahadi, biyu yanzu suna shan magani.

Ban ce ka bar tuwo ba, wallahi nima ba zan iya ba. Rage malmala, ƙara miyar ganye, ka ɗan taka bayan isha'i. Yaranka na buƙatarka da ƙafafunka.